In Magana Ta Kai Caji Ofis

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu aikin sa kai da kwamitocin unguwa a Ƙofar Na'isa, cikin birnin Kano

 

An ce in yi magana a kan laifuffukan da aka fi kai mutanenmu kotu a kansu, da yadda mutum zai kare kansa in an tuhume shi. Ni ba lauya ba ne, aikina raya al'umma ne. Amma wannan aiki ya sha kai ni caji ofis da kotu da gidan yari, gama babu abin da yake rushe ɗan jarin iyali da sauri kamar shari'a. Mace za ta yi shekara biyu tana zubin adashe ta sayi keken ɗinki. Ran da aka kama ɗanta, keken nan ne abu na fari da zai fita daga ɗakin. Shi ya sa muka ɗauki wannan batu daidai da batun ruwan sha da na asibiti.

Bari mu fara da sanin gidan da za a shiga. A Jihar Kano kundin laifuffuka biyu ne suke aiki. Akwai Final Kod, wanda gwamnatin Arewa ta kafa a zamanin Sardauna, ya fara aiki a 1960. Da shi kotunan majistare irin na Nomansland da Gyaɗi-Gyaɗi suke hukunci, haka ma Babbar Kotu. Akwai kuma kundin Shari'ar Musulunci na shekarar 2000, wanda kotunan Shari'a irin ta Ƙofar Kudu suke aiki da shi a kan Musulmi. Wanda ba Musulmi ba, ba a yi masa shari'a a can sai da yardarsa. Sa'an nan akwai dokar da ta tsara yadda ake kama mutum, a tsare shi, a gurfanar da shi. Tarayya ta yi tata a 2015, Kano ta yi tata a 2019. A bisa su duka kuwa akwai Tsarin Mulki na 1999.

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin ya ce duk wanda aka tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Wato nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara. Kowane laifi kuma kamar murhu yake, yana da duwatsun da yake zaune a kai. In mai gabatar da ƙara ya kasa kafa dutse ɗaya, tukunya ba ta zauna. Yawancin kare kai, in kun duba, neman dutsen nan ne da ya ɓace.

Bashi ba laifi ba ne

Na fara da abin da ya fi kawo mana masu kuka, wato cin amana da damfara. A Final Kod ɗin da muka gada, hukuncin cin amana yana sashe na 312, ɗaurinsa yana iya kai shekara 7. Na damfara yana sashe na 322, har shekara 3. Ku lura da bambancinsu da bashi, gama a nan ne ake yawan cutar talaka.

Cin amana shi ne a damƙa maka dukiya domin wani abu takamaimai, kai kuma ka karkatar da ita da mugun nufi. Damfara ita ce tun ranar fari da ƙarya ka karɓa, ka san ba ka da niyyar cikawa. Amma mutumin da ya ɗauki atamfa turmi 20 bashi a Kantin Kwari, kasuwa ta juya masa baya, ya kasa biya a kan lokaci, wannan bashi ake binsa. Haka matuƙin Adaidaita Sahu da ya yi mako uku bai kawo balas ba domin inji ya buga. Dutsen da ya ɓace a nan shi ne mugun nufi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don saɓa yarjejeniyar ciniki kawai.

Akwai wata shari'a da ta kai har Kotun Ƙoli a kan wannan, ana kiranta shari'ar Kure da Kwamishinan 'Yan Sanda. Wani mutum ne a Kaduna ya karɓi naira miliyan 3 da rabi domin ya samo wa Jihar Ribas ɗan raƙumin dawa. Na ga kuna dariya, amma haka aka yi. Raƙumi bai iso ba, aka kai magana wurin 'yan sanda, majistare ya same shi da laifi. Ya ɗaukaka ƙara har sau biyu bai yi nasara ba. A 2020 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce wannan ciniki ne da ya lalace, kuma karɓar bashi ba aikin ɗan sanda ba ne.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ba shi lasin cin kuɗin mutane. Bashi dai sai an biya. Abin da nake cewa shi ne, hanyarsa dabam. Tun 2019 Kano tana da kotunan ƙananan basussuka, inda mutum zai shigar da ƙara da kansa ba sai da lauya ba. Uwar adashe kuwa da ta kwashe zubin mata 30 ta sayi fili da sunan ƙaninta, wannan cin amana ne sosai, kada ta zo ta ce mana bashi ne.

Me zai cece ka in an juya maka bashi ya zama laifi? Takarda. Yarjejeniyar da aka rubuta ko da a ƙaramin littafin makaranta ne, da sa hannun shaidu biyu. Saƙon banki na duk abin da ka riga ka biya, kada ka goge shi. Mutumin da ya nuna ya biya sau shida cikin goma, da wuya a ce tun farko da niyyar damfara ya zo. Mun saba cewa ai tsakaninmu amana ce, rubutu kamar rashin yarda ne. To, ran da rai ya ɓaci, kowa abin da ya fi masa daɗi yake tunawa.

Waya mai araha

Na biyu ya fi shafar ku matasa. Wayar da kowa ya san kuɗinta ya kai dubu 150, wani ya tare ka a bakin ganuwa da magariba ya ce kawo dubu 40, ba kwali, ba rasit. Kowace waya tana da lambar jikinta, da ita ake bin sawu. Ran da ka sa layinka a ciki, ka rubuta sunanka ke nan da hannunka. Wanda ya ƙwato ta ya daɗe da ɓacewa, kai ne za a samu.

Mutane suna mamaki in na gaya musu cewa hukuncin sata a sashe na 287 shekara 5 ne iyakarsa, amma na karɓar kayan sata a sashe na 317 yana iya kai 14. Dalili kuwa a fili yake, in ba mai saye, ɓarawo ba shi da kasuwa. Dokar shaida ta 2011 kuma ta ba alƙali dama ya ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan an sace, ko shi ne ɓarawon ko ya karɓa da sani, sai in ya kawo bayani mai gamsarwa. Saboda haka kalmar "ban sani ba" ita kaɗai ba ta isa. Alƙali zai tambaya, nawa ka saya, a ina, da wane lokaci, wa yake wurin? Doka ba ta tsaya ga abin da ka sani ba, har da abin da ya kamata mai hankali ya zarga.

In za ka sayi ta hannu, ka saya a shago tsayayye, ko a Farm Centre ne ko a Beirut, a rubuta maka rasit da lambar jikin wayar. In daga hannun mutum ne, ka ɗauki hotonsa riƙe da wayar, da katin shaidarsa, a gaban wani babba. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Masu gyaran waya da masu caji, ku ajiye littafi, kowa ya kawo a rubuta sunansa da ranar. 'Yan gwangwan, ku ma da ku nake. Wayar lantarki da murfin kwalbati da kan famfo ba daga bola suke fitowa ba.

Ƙwacen kansa kuwa, ina so iyaye su ji wannan da kyau. Dokar fashi da makami ta 1984 ba ta ce sai bindiga ba. Wuƙa makami ce, ɗanbida makami ne, barandami makami ne. Hukuncin da ta tanada kisa ne, kuma ya haɗa da wanda yake tare da mai makamin ko da shi hannunsa wayam. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Kano ta sanar cewa za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Akwai kuma haɗin baki, sashe na 97, wanda kusan kullum za ku ji an karanta shi a farkon tuhuma. Wanda ya tuƙa Adaidaita Sahun, da wanda ya tsaya gadi a bakin lungu, igiya ɗaya ce take ɗaure su da mai wuƙar. Yaro ya ce "ni rakiya kawai na yi" bai san abin da ya faɗa ba.

Faɗa da kare kai

Doka ta yarda mutum ya kare ransa da na wani da dukiyarsa. Final Kod ya yi bayaninsa tun daga sashe na 59. Amma yana da iyaka guda biyu da mutane ba su cika sani ba. Kada ka yi ɓarnar da ta wuce abin da ake bukata don tsira. In kuma akwai lokacin da za ka nemi hukuma, ba ka da hujjar ɗaukar mataki da kanka. Wanda aka mara da safe, ya je gida ya ɗauko wuƙa ya dawo da yamma, ba kare kai ya yi ba, ramuwa ya yi.

Ku dubi yadda iyakar take da ƙunci. Wani manomi a Jihar Adamawa, an kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soki maharin ya mutu. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, domin a ganin mafi yawan alƙalan, bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Ɗaya daga cikinsu ba ta yarda ba, mutane da yawa ma ba su yarda ba, daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Amma kafin nan ya riga ya yi wajen shekara goma a tsare.

Tsokana mai tsanani, in ta zo farat ɗaya, tana iya sauko da tuhumar kisa daga mai hukuncin kisa zuwa mai ɗauri. Ba ta wanke mutum. Dukan ɓarawo kuwa, in ya mutu a hannun taro, duk wanda aka gane fuskarsa sashe na 221 ne yake jiransa, yanzu kuma kowa yana da kyamara a aljihu. In an ji maka rauni a faɗa, ka je Asibitin Murtala ko mafi kusa a ranar, ka ajiye katin. Sau da yawa wanda ya riga zuwa caji ofis shi ake ɗauka mai gaskiya, katin asibiti ne zai nuna cewa labarin yana da wani ɓangare.

Ƙwaya ba zan daɗe a kanta ba. Shari'arta a Babbar Kotun Tarayya ake yi, hukumar NDLEA ce take gurfanarwa, dokarta kuma mai tsanani ce ƙwarai. An hana maganin tari mai kodin tun 2018. Abu ɗaya kawai zan roƙa: kada ka karɓi saƙo a tasha, kada ka ajiye wa aboki leda a shagonka, sai ka buɗe ka ga abin da yake ciki. Zagi da ƙazafi a Facebook ko a saƙon murya su ma suna kai mutum kotu, mata a kula da wannan a rigimar gidan biki.

Ranar fari

Yanzu bari in zo ga abin da nake ganin ya fi kome muhimmanci. Shari'u da yawa a daren farko ake ɓata su, tun kafin a ga fuskar alƙali.

In an zo kama ka, kada ka yi kokawa, kada ka gudu. Hana jami'i aikinsa wani laifi ne dabam, za a ƙara maka shi ko da na farkon ƙarya ne. Ka tambaya cikin ladabi, wane laifi, wane ofis za a kai ni? Na gida su rubuta lokacin da abin da aka ɗauka. Kada unguwa ta kwasa zuwa caji ofis da hayaniya, dattawa biyu masu sanyin baki sun fi mutum hamsin amfani. In kuma ba a sami wanda ake nema ba, ba a tafiya da uwarsa ko matarsa ko ƙaninsa a madadinsa. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana. Na san ana yi. Amma wanda ya san an hana, muryarsa takan bambanta in yana magana da DPO.

Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama abubuwa uku. A sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. A kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. A cikin birnin Kano ba caji ofis ɗin da ya yi wa kotu wannan nisa. Laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka ware daga wannan ƙa'idar ta kwanaki.

Sai bayanin da ake rubutawa. Ana tambayarka da Hausa, ana rubutawa da Turanci, a miƙo maka ka dangwala. Kai ka ce "na karɓi wayar a hannunsa", takarda ta ce "mun ƙwace wayar". Bayan shekara biyu wannan takarda ce za a karanta a kotu, da yatsanka a ƙasa. Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka an fassara ba. Kada ka sa hannu a farar takarda. Dokokin yanzu sun ce a ɗauki bayanin amsa laifi a gaban lauya ko a ɗauke shi a bidiyo, a 2023 kuma Kotun Ƙoli ta yi watsi da irin wannan bayani a wata shari'a daga Legas domin ba a bi ƙa'idar ba. Azabtarwa laifi ce da kanta tun dokar 2017, ɗaurinta yana iya kai shekara 25. In an doke ka kafin ka sa hannu, ka gaya wa alƙali ranar farko, ka nuna tabon tun bai warke ba, ka roƙa a rubuta. Ran da za a miƙa takardar a kotu kuma, a nan take ake ƙalubalantarta, ba bayan an karɓa ba.

Akwai magana ɗaya da bai kamata a yi shiru a kanta ba. In ba ka wurin sa'ad da abin ya faru, ka faɗa tun a caji ofis, dalla-dalla. Kada ka ce "ina gari" kawai. Ka ce ina Dawanau muna sauke buhuna daga azahar zuwa isha, tare da wane da wane, ga lambar mai motar. In ka ba da irin wannan bayani da wuri, wajibi ne 'yan sanda su bincika, in ba su bincika ba kuwa, yana iya zama ribarka a kotu. In ka ɓoye sai ranar kare kai, alƙali zai ce a gidan yari ka ƙirƙiro shi.

Beli kyauta ne, a bangon kowane caji ofis an rubuta. Ba zan tsaya a nan in ce muku ba a neman kuɗi ba, kun fi ni sani. Amma kafin ki sayar da keken ɗinki, Inna, ki kira ɗaya daga cikin masu aikin sa kai ɗin nan a je tare. Na sha ganin kuɗin da aka yanka ya narke don kawai wani ya zo da biro da littafi yana tambayar sunan mai binciken. Mace tana iya tsayawa beli, dokar tarayya ta 2015 ta faɗi haka da baki, Tsarin Mulki kuma ya hana wariya. Sai dai mai tsayawa ya san abin da ya ɗauka. In wanda ka tsaya wa ya gudu, kuɗin da aka rubuta a takardar yana wuyanka. Masu yawo a harabar kotu suna sayar da tsayawa kuwa, ku yi nesa da su.

A gaban alƙali

A kotun majistare za a karanta rahoton farko na 'yan sanda, a tambaye ka ko gaskiya ne. In ba ka jin Turanci, tafinta haƙƙinka ne, kyauta. Kada ka gyaɗa kai don kunya. A nan ne ake raɗa wa yaro a kunne, "ka amsa kawai, tara za a yi maka ka tafi gida." In ya amsa, shari'a ta ƙare a minti biyar, ba shaida, ba tambaya, alƙali kuma ba ya cikin alkawarin da aka yi a waje. Ko tarar aka yi, sunan ya shiga littafi, zai tarar da shi ran da ya je neman aikin soja ko biza. In ba ka yi ba, ka ce ba ka yi ba. In ka yi, ka nemi shawarar lauya tukuna, gama mai yiwuwa ne abin da ka yi bai kai abin da aka rubuta ba. Amsa laifi da gaskiya yana jawo sassauci, tun 2019 kuma doka ta buɗe hanyar hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar aikin gayya na share asibiti ko makaranta.

Duk shaidan da aka kawo, kana da ikon yi masa tambayoyi. Da ƙarfe nawa? Akwai wuta a layin? Ka san ni kafin ranar? Ƙananan tambayoyi irin waɗannan su suke ture dutsen murhu.

Babban ramin yana wurin manyan laifuffuka. Majistare ba shi da hurumin shari'ar fashi ko kisa, sai ya aika da mutum gidan yari a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Dokar tarayya ta 2015 ta ce kwana 14 ne a karon farko, in za a ƙara sai an dawo gaban kotu an kawo dalili. A aikace fayil yakan kwanta. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da suke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Ga Kurmawa nan kusa da mu, ginin 1910, wanda a 2025 gwamnatin jiha ta ce tana so ta mai da shi gidan tarihi a kwashe mutanen zuwa Janguza. Ga Goron Dutse. Ku tambayi duk wanda ya taɓa kai abinci can, zai ba ku labarin wanda ya yi shekaru ba a kira sunansa ba. Maganin wannan naci ne. Iyali su san lambar shari'ar, da lambar kotun, da ranar da aka ɗaga. Su bincika ko fayil ya bar hannun 'yan sanda, ko ya isa Ma'aikatar Shari'a a Sakatariyar Audu Bako. Alƙalin Alƙalan jiha yakan kai ziyara gidajen yari ya saki waɗanda suka daɗe ba dalili, amma sai wani ya kai sunan.

Rashin kuɗin lauya ba ƙarshen magana ba ne. Hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kano. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, musamman ga mata da yara. A laifin da hukuncinsa kisa ne, dole a samar wa mutum lauya in ba shi da shi. In kun sami lauya, ku gaya masa gaskiya duka, har da marar daɗin. Ba a ɓoye wa mai wanka cibiya.

Yara suna da nasu tsari. A Final Kod, yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an nuna ya fahimci abin da ya yi. Kano ta sami dokar kare yara a 2023. Ba a haɗa yaro da manya a tsare. Amma in ba takardar haihuwa, yaro ɗan 15 mai tsawo sai a rubuta shi 19. Iyaye mata, ku karɓi takardar nan ku adana.

Sulhu abu ne mai kyau, doka ma ta yarda da shi a ƙananan laifuffuka kamar rauni marar tsanani da ɓata suna da shiga gida ba izini. Ranka ya daɗe, zaurenka ya kashe wutar da kotu ba za ta iya kashewa ba. Sai dai in magana ta riga ta shiga kotu, a je a sanar da alƙali a rufe ta a rubuce. In kun shirya a gida kuka daina zuwa, takardar kamu za ta fito. Fyaɗe da fashi kuwa ba a sulhunta su a zaure. Wanda aka zalunta shi ma ɗan unguwa ne.

In hukunci ya fito ba ka gamsu ba, akwai ɗaukaka ƙara, daga ƙananan kotuna yawanci cikin kwana 30. Kuna da ikon karɓar kwafin hukuncin. Manyanmu za su tuna da shari'ar Amina Lawal a Jihar Katsina. An yanke mata hukuncin jifa a 2002. A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jihar ta sallame ta, alƙalai 4 cikin 5, da hujjoji daga cikin fiƙihun Malikiyya kansa, ciki har da cewa tana da ikon janye iƙirarinta. Da ta bar kwanakin nan sun wuce tana kuka a ɗaki, da ba a kai ga wannan ba. Kwana 30 ɗin daga ranar hukunci ake ƙirga su, ba daga ranar da dangi suka gama shawara ba.

Abin da muke roƙon kowane kwamitin unguwa shi ne ya ware mutum biyu, namiji da mace, da littafi guda. Duk wanda aka kama a unguwar, a rubuta ranar, da ofishin, da tuhumar, da kotun, da ranar komawa. A ajiye lambar lauya ɗaya a shafin farko. A taronmu na gaba za mu zauna da littattafan, mu ga wa ya wuce kwanakinsa.

Shugaban taro yana nuna mini agogo.  Iyayenmu mata su fara tambaya, gama na ga hannu biyu a sama tun ina maganar adashe.